LIKITA ISHAYA AUDU, ƊAN ANCAU

A da, duk wanda ya tsaya a gindin dutsen Kufena ya dubi Wusasa, ya kan ga ɗan ƙauye ne ƙanƙane. Amma daga wannan ƙauye Allah ya fitar da manyan mutane. A watan nan muna so mu ba ku labarin ɗaya daga cikinsu, watau Likita Ishaya Shu'aibu Audu.

An haife shi a Ancau, cikin ƙasar Zazzau, a 1927. Ubansa, Malam Bulus Audu, daga cikin Isawa ya fito, mabiyan Malam Ibrahim ɗin nan da aka kashe a kasuwar Kano. A 1913 Isawa suka sadu da Likita Miller na C.M.S. a Zariya, waɗansu suka ba da gaskiya, suka yi mazauni a Gimi. Ba a daɗe ba sai ciwon barci ya faɗa musu. Ƙudan tsando ne ke kawo shi. Ƙwayar cutar ta kan fara zama cikin jini, sa'an nan ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta gyangyaɗi har ya mutu. Mutane da yawa suka ƙare a Gimi, sauran suka koma Zariya, a 1929 kuma mishan ya tashi zuwa Wusasa. Ancau ma ciwon nan ya dame ta ƙwarai, har gwamnati ta sa aka share kurmin rafuka, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. To, kun ga irin ƙasar da yaron nan ya buɗe ido a cikinta.

Ya yi karatu a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa. Daga nan ya tafi Ikko da Badun, ya ƙetare zuwa London ya gama koyon aikin likita. Ya zaɓi sashen ciwon yara, gama a lokacin nan yara suna mutuwa kamar fari a ƙasarmu. Ya koyar a Jami'ar Ikko, ya kuma zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ku lura da wannan. Sardauna Musulmi ne, Ishaya Kirista, amma ya amince masa da lafiyar jikinsa.

A 1966, shekarar tashin hankali, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, yana da shekara 39. Shi ne ɗan ƙasa na fari da ya riƙe wannan kujera, ya riƙe ta har 1975. A 1967, a zamaninsa, aka buɗe makarantar koyon aikin likita ta jami'ar. Mu a ganinmu wannan shi ne babban aikinsa, domin masu bincike suka taru a Zariya suka tasam ma cututtukan da suka fi cin talakawa.

Na ɗaya shi ne sanƙarau, wanda ke kama rigar ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ya kan zo da hunturu da bazara, ya lafa da saukar damina. Likita Brian Greenwood, wanda ya zo Zariya a 1970, da abokan aikinsa suka bi hanyarsa, suka gwada allurar rigakafi. A nan kuma aka nuna cewa allura guda ta maganin chloramphenicol mai mai tana iya warkar da mai sanƙarau. Wannan ya zama ceto ga ƙauyukan Afirka inda babu likita kusa.

Na biyu shi ne amosanin jini, wanda yanzu a ke kira sikila. Yaro ya kan gaje shi in uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa. Ƙwayoyin jininsa su kan lanƙwashe kamar lauje su toshe hanya, gaɓoɓi su yi ta zogi. Likita Alan Fleming na Zariya da mutanensa suka auna jinin mutanen Garki, suka tarar wajen jarirai 2 cikin 100 da shi a ke haifarsu, kaɗan ne kuwa su ke kai girma. Saboda irin wannan sani ne yau mu ke roƙon samari da 'yammata su auna jini kafin a ɗaura aure.

Daga baya ya shiga sha'anin mulki. Ya zama Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Da soja suka karɓi mulki aka tsare shi. Da ya fito bai nemi wata sarauta ba. Ya koma Samaru ya buɗe ɗan asibitinsa, yana duba marasa lafiya, yana kuma wa'azin Bishara. Ya rasu a 2005.

Ya ku iyaye, cutar da ta watsa Gimi ba ta hana ɗan Isawa ya zama likita ba. Malam Bulus ya sa ɗansa makaranta, ga abin da ya fito. Mu fa, ina namu 'ya'yan? Bari mu sa su karatu, maza da mata, mu kuma riƙa tunawa da masu aikin asibiti cikin addu'a.