Charles de Foucauld: ɗan mai kuɗin da nonon awakin Buzaye ya ceta

Jama'a masu saurare, da ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Tamanrasset, yau tarihin wani tsohon baƙon garin nan muka kawo muku.

An haifi Charles de Foucauld a birnin Strasbourg na Faransa a 1858. Yana ɗan shekara shida ya zama maraya, kakansa ya riƙe shi, ya kuma bar masa dukiya mai yawa. Da ya shiga soja sai ya yi ta watanda da ita wajen ciye-ciye da sharholiya. Tafiyar da ya yi Maroko a 1883 ce ta fara juya shi, don ganin Musulmi suna salla ya sa ya koma tunanin Allah. A 1886 ya rungumi addininsa na Kirista hannu biyu.

Linjila tana koyar da cewa mai bin Almasihu ya rabar da abin hannunsa ga matalauta, ya bar damuwar gobe ga Mai ciyar da tsuntsaye. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda take. Ya bar wa ƙanwarsa abin da ya rage, ya yi barantaka a Nazarat, aka naɗa shi fada a 1901, sannan ya sauka Tamanrasset a 1905, tana ƴar rugar bukkoki.

To, a 1907 fari ya afka wa ƙasar Hoggar. Ya rabar da hatsinsa har ya kwanta ciwo, rai a hannun Allah. Buzaye Musulmi, su ma da yunwarsu, suka bi awakin da suka rage suna tatso masa nono har ya miƙe. Wanda ya zo bayarwa, sai ga shi yana karɓa.

Ya shafe shekaru yana haɗa ƙamus na Tamashek da Faransanci. Amma kusancinsa da sojan mulkin mallaka har yau ana muhawara a kai. Ranar 1 ga Disamba 1916 mahara suka kama shi, wani yaro daga cikinsu ya harbe shi, kwanaki kaɗan kafin Kaosan ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya a Agadas. A 2022 Fafaroma Francis ya sa shi cikin waliyyan cocin Katolika.

Mu da muka san fari, mun san sau da yawa ta hannun maƙwabci talaka Allah yake aiko da arziki.