Gustav Kirchhoff: Ɗalibin da ya gano dokokin kwararar wutar lantarki

Duk ɗalibin injiniyan lantarki yakan ci karo da sunan Gustav Robert Kirchhoff tun a shekararsa ta farko, domin a kan dokokinsa guda biyu aka gina lissafin da'irar lantarki. Sai dai kaɗan ne suka san cewa mai wannan suna yana da shekara 21 kacal, yana ɗalibi, lokacin da ya fito da su.

An haifi Kirchhoff ranar 12 ga watan Maris na 1824 a birnin Konigsberg na ƙasar Farusiya, wanda a yau ake kira Kaliningrad a cikin Rasha. Mahaifinsa lauya ne. Ya yi karatu a jami'ar garinsu, inda ya zauna a gaban masanin kimiyyar fiziya Franz Neumann da masanin lissafi Friedrich Richelot.

A 1827 Georg Ohm ya bayyana dangantakar da ke tsakanin ƙarfin turin wuta, yawan wutar da ke kwarara da turjiyar waya. Abin da ya saura shi ne yadda za a yi lissafi idan wayoyi suka yi rassa, suka sarƙe da juna. Wannan ƙulli ne Kirchhoff ya kwance a 1845.

Dokarsa ta farko ta nuna cewa a kowace mahaɗa, yawan wutar da ta shigo daidai yake da wadda ta fita, kamar yadda ruwan da ya iso marabar bututu ba ya taruwa kuma ba ya ɓacewa. Ta biyu kuwa ta nuna cewa idan aka zagaye rufaffiyar da'ira, jimillar hawa da saukar ƙarfin turi sifili ce.

Daga doka ta farko aka samo hanyar lissafin mahaɗa. Injiniya yakan zaɓi mahaɗa ɗaya ya ɗauke ta a matsayin sifili, sannan ya nemi ƙarfin turi a sauran. Idan akwai tushe mai ba da tsayayyar kwarara, sai ya rubuta adadinsa kai-tsaye, yayin da wutar da ke bi ta kowace rizista ake samo ta da dokar Ohm.

Alal misali, idan tushe ya tura amfiya 6 cikin mahaɗa, wutar ta rabu ta rizista biyu, mai om 3 da mai om 6, duka suna komawa mahaɗar sifili, ƙarfin turi a wurin zai zama bolt 12. Amfiya 4 za su bi ta farko, 2 su bi ta biyu, jimilla 6, ba ragi ba ƙari.

A 1847 ya kammala karatu, ya kuma wallafa wani bincike kan yadda za a warware lissafin wayoyi komai yawansu. Daga nan ya koyar a Berlin ba tare da albashi ba, kafin ya koma Breslau a 1850, inda ya haɗu da masanin sinadarai Robert Bunsen. Abotar ta ɗore, har ta kai shi Jami'ar Heidelberg a 1854.

A Heidelberg ne mutanen biyu suka tabbatar da cewa kowane sinadari yana fitar da layukan haske nasa na kansa idan aka zafafa shi. Ta wannan hanya suka gano sinadarin siziyom a 1860 da rubidiyom a 1861. Kirchhoff ya kuma yi bayanin baƙaƙen layukan da ake gani a hasken rana, ya nuna cewa daga doron ƙasa ana iya sanin abin da rana ta ƙunsa. A 1862 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Rumford.

Rayuwarsa ba ta rasa jarrabawa ba. A 1857 ya auri Clara, 'yar malaminsa Richelot, suka haifi 'ya'ya biyar, amma ta rasu a 1869. Ya sake aure a 1872. Wani rauni da ya samu a ƙafa ya sa ya shafe shekaru yana dogara sanda ko zama a keken guragu, abin da ya rage masa aikin ɗakin gwaji.

A 1875 ya koma Berlin a matsayin farfesan ɓangaren nazari na fiziya. Cikin waɗanda suka saurari laccocinsa har da Max Planck, wanda a 1900 ya warware matsalar hasken zafi da Kirchhoff ya ɗora wa masana tun kusan shekara 40 kafin nan.

Ya rasu ranar 17 ga watan Oktoba na 1887 a Berlin yana da shekara 63.

Har yau manhajojin kwamfuta irin su SPICE, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka a 1973, suna amfani da lissafin mahaɗa wajen gwada na'urori kafin a ƙera su. Haka nan injiniyoyin da ke kula da manyan layukan raba wuta suna dogara da dokar nan tasa wajen sanin nauyin da kowace tasha za ta iya ɗauka.