Booker T. Washington: Ɗalibin da Tsintsiya Ta Kai Shi Ga Shugabanci

An haifi Booker T. Washington cikin bauta a jihar Bajiniya ta Amurka a shekarar 1856. Bayan an 'yanta bayi a 1865, iyalinsa suka koma garin Malden, inda ya yi ƙwadago a masana'antar gishiri da ramin haƙar kwal. A can ne ya ji labarin makarantar Hampton, wadda ɗalibi matalauci ke iya biyan kuɗin ci da kwanansa da aikin hannunsa.

A 1872 ya kama hanya, tafiyar kimanin mil 500, ya isa cikin tsummoki. Shugabar malamai, Mary Mackie, ta yi jinkirin karɓarsa, daga bisani ta umarce shi da ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge ƙura sau huɗu. Da ta bincika ba ta sami datti ba, sai ta karɓe shi, ta kuma ba shi aikin kula da ɗakuna. Yakan tashi tun ƙarfe huɗu na asuba ya hura wuta, sannan ya duba darasinsa. Da wannan aiki ya riƙe kansa har ya kammala a 1875.

Amanar da ya nuna ce ta sa shugaban makarantar, Janar Samuel Armstrong, ya ba da sunansa a 1881 domin ya jagoranci sabuwar makarantar Tuskegee a jihar Alabama, yana ɗan shekara 25. Ya tarar babu fili, babu gini, sai dala 2,000 da jihar ta ware don albashi. Ya fara da ɗalibai 30, ya sa su noma da buga bulo da gina azuzuwansu. Sau uku gashin bulon yana lalacewa, sai ya jinginar da agogonsa a kan dala 15, aka yi nasara a karo na huɗu.

Bai tsira daga suka ba. A 1903 W.E.B. Du Bois ya zarge shi da sassauta wa masu wariyar launin fata, da fifita sana'a a kan 'yancin siyasa. Sukar tana da tushe, amma makarantar da ya bari lokacin rasuwarsa a 1915 ta zama jami'a.

Mai karatu, wanda ya riƙe amanar tsintsiya shi ake ba amanar jama'a. Iyayen da ke ganin ƙasƙanci ne ɗansu ya yi aiki yana karatu, ya kamata su sake tunani.