Marigayi Damure Zika: Ɗan Sarkawa Da Ya Haɗa Fim Da Jinya

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, da yawa cikinmu mun sha bulala saboda satar jiki daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni zuwa silimar Plaza ko Orion kallon Indiya. To, a lokacin ba mu san cewa a nan maƙwabta, Jamhuriyar Nijar, akwai wani ɗan wasa da ake kallonsa har birnin Faris ba.

An haifi Damure Zika wajen shekarar 1923, a gidan Sarkawa masunta na bakin kogin Kwara, gidan da ya gaji ba da magani. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya zo Nijar aikin hanya a 1941, suka ƙulla abota. A 1942 tsawa ta kashe wasu leburorin Rouch, sai Damure ya kai shi wurin kakarsa, Kaliya, wadda ta san al'adar mutanen kogi game da irin wannan mutuwa. Abin da Bature ya gani ran nan shi ya karkatar da shi daga aikin injiniya zuwa nazarin al'adu da ɗaukar fim.

Galibi Rouch ake yabo da gano 'yan wasa, amma a ganina ba a yi wa Damure adalci ba. Baƙo bai san gari ba. Ɗan gari ne ya shigar da shi cikin masunta da mafarautan dorina, ya yi masa tafinta, har suka yarda da na'urar ɗaukar hoto.

A 1954 aka fara ɗaukar Jaguar, labarin samari uku 'yan ci-rani da suka nufi Gwalkwas, wato Gana ta yau: Damure, da Lam Ibrahim Dia, da Illo Gaudel. Sai 1967 ya fito. Wanda ya fi burge ni shi ne Petit à Petit, inda Damure ya je Faris yana tare Turawa a titi yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, kamar dai yadda masu bincikensu suka riƙa yi wa baƙar fata. A 1974 kuma suka yi Cocorico Monsieur Poulet.

Duk wannan suna bai raba shi da gadon gidansu ba. Ya buɗe ɗakin shan magani a unguwar Lamorde ta Yamai, inda talaka ke samun magani ko ba shi da ko sisi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar asibiti da takardar magani a hannu, aljihu kuma wayam, ya san girman wannan. Ya kuma daɗe yana wayar da kan jama'a game da kiwon lafiya a gidan rediyon ƙasar.

Ranar 18 ga Fabrairu 2004 motarsu ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni, dab da iyakarmu ta Illela. Rouch ya mutu, Damure ya tsira. Shi kuma ya rasu a Yamai ranar 6 ga Afrilu 2009. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.