Bernard Herrmann (1911-1975) da Kiɗan Fim ɗin Taxi Driver

A nazarin wasan kwaikwayo mun saba mu mai da hankali kan jigo da zubi da taurari, mu bar makaɗi a baya kamar ɗan rakiya. Wannan ɗan rubutu zai bi rayuwar wani makaɗin sinima ne, watau Bernard Herrmann, domin a nuna cewa a fim ɗin Taxi Driver na 1976 kiɗa ne ya ɗauki rabin aikin bayyana halin tauraro.

An haifi Herrmann a birnin New York ranar 29 ga watan Yuni, 1911, a gidan Yahudawa 'yan asalin ƙasar Rasha. Ya koyi kiɗa a Jami'ar New York da makarantar Juilliard, sa'an nan a 1934 ya kama aiki a gidan rediyon CBS. Rediyo ce ta hore shi. A wasan rediyo mai sauraro ba ya ganin kome, saboda haka tilas makaɗi ya sanar da shi cikin daƙiƙa kaɗan cewa dare ya yi, ko kuwa tsoro ya shiga zuciyar wani. Daga nan ya samo salon da ya riƙe har ƙarshen ransa, watau gajeren kiɗa da ake ta maimaitawa ana sauya kayan da ke kaɗa shi. A can ne kuma ya haɗu da Orson Welles, wanda ya ba shi aikinsa na farko a sinima, Citizen Kane, a 1941. Lambar Oscar guda ɗaya tak ya taɓa samu, a kan wani fim na wannan shekara, The Devil and Daniel Webster.

Sunansa ya fi fita ne a zamansa da Alfred Hitchcock, wanda ya tsara wa kiɗan fina-finai bakwai daga 1955 zuwa 1964, cikinsu har da Vertigo da Psycho. A Psycho bai yi amfani da kome ba sai kayan kiɗa masu tsirkiya, dangin goge, amma ya sa suka yi ƙara kamar sukar wuƙa. Sai dai Herrmann mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, ba ya yarda a gyara masa aiki. A 1966 kamfanin Universal ya nemi kiɗa irin na yayi a fim ɗin Torn Curtain, shi kuwa ya tsara abin da ya ga ya dace, Hitchcock ya sallame shi, ba su sake aiki tare ba. Ya koma Ingila da zama, ya yi wa François Truffaut na Faransa aiki sau biyu. Holiwud ta juya masa baya, har sai da samarin daraktoci waɗanda suka taso da kallon fina-finansa, irin su Brian De Palma da Martin Scorsese, suka neme shi.

Labarin da Scorsese ya kawo masa Paul Schrader ne ya rubuta. Travis Bickle, wanda Robert De Niro ya fito a matsayinsa, tsohon soja ne da barci ya ƙaurace wa, ya kama tuƙin tasi da dare a New York. Yana kallon karuwai da kawalai da 'yan ƙwaya ta gilashin mota, yana ƙyamarsu, ga shi kuma kaɗaici na cinsa. Ya nemi wata mace, Betsy, ta guje shi. Ya yi niyyar harbe ɗan takarar shugaban ƙasa, bai samu dama ba. Sai ya juya ya kashe mutum uku a gidan da aka ajiye wata yarinya 'yar shekara 12, Iris, ana karuwanci da ita. Jaridu suka mai da shi gwarzo. Herrmann da farko ƙin aikin ya yi, sai da ya karanta labarin sa'an nan ya yarda.

Wuyar aikin ita ce Travis ba mai iya magana ba ne, kuma abin da yake rubutawa a littafinsa ba abin dogara ba ne. To, yaya mai kallo zai san cikinsa? Herrmann ya ba shi kiɗa biyu. Na farko shi ne wanda ake ji tun da tasi ta fito daga cikin tururin da ke tasowa daga ƙarƙashin titi: kayan busa na tagulla suna kumbura suna sacewa kamar numfashin mai fushi, ganga irin ta soja tana bi. Na biyu kuwa kiɗa ne mai taushi na sakisafon, irin na gidan rawa a ƙarshen dare. Wannan na biyun a ganina shi ne mai haɗari, domin shi ke sa mai kallo ya tausaya wa mutumin da ya kamata ya ji tsoro. Amma Herrmann bai bar abin haka ba. Bayan kisan, kyamara tana bin gawawwaki daga sama, sai ya dawo da wannan kiɗa mai taushi a bakin kayan tagulla, da nauyi da muni, har mai kallo ya gane cewa soyayyar Travis da ta'asarsa tushensu ɗaya. A ƙarshen fim ɗin ma ya saka amo uku da ya ɗauko daga Psycho, alamar cewa gwarzon jaridu bai warke ba.

An gama ɗaukar kiɗan a Los Angeles ranar 23 ga watan Disamba, 1975. Herrmann ya koma masaukinsa ya kwanta, kafin gari ya waye ranar 24 ya rasu, yana da shekara 64. Scorsese ya sadaukar da fim ɗin gare shi.

Fim ɗin ya fito a watan Fabrairu, 1976, ya ci babbar kyautar bikin Cannes na wannan shekara. An sa sunan Herrmann a takarar Oscar sau biyu a lokaci guda, a kan Taxi Driver da Obsession, amma Jerry Goldsmith ne ya ci. Akwai kuma wani tasiri mara daɗi. Ranar 30 ga watan Maris, 1981, John Hinckley, wanda ya kalli fim ɗin sau da yawa, ya harbi Shugaba Ronald Reagan na Amurka domin ya burge Jodie Foster, wadda ta fito a matsayin Iris. Shi ya ga gwarzo a inda makaɗi ya nuna majinyaci. A 1991 Scorsese ya sake komawa ga Herrmann, ya sa Elmer Bernstein ya sabunta kiɗan da ya tsara wa Cape Fear a 1962, aka yi amfani da shi a sabon fim mai wannan suna.