Tarihin William Gosset, masanin ƙididdigar da ya ɓoye sunansa

An haifi William Sealy Gosset ne a birnin Canterbury na Ingila a shekarar 1876, ya kuma karanci ilmin sinadarai da lissafi a Jami'ar Oxford.

A 1899 ya kama aiki da kamfanin giya na Guinness a birnin Dublin. Kamfanin na son sanin irin sha'ir ɗin da ya fi yin albarka, sai dai gonakin gwajinsa 'yan ƙalilan ne, alhali dabarun ƙididdiga na wancan zamani sai da alƙaluma masu ɗimbin yawa.

A 1908 ya wallafa wata maƙala a mujallar Biometrika, wadda ta share fagen gane ko bambancin da ke tsakanin matsakaicin sakamakon rukuni biyu na haƙiƙa ne ko kuwa dace ne kawai, ko da abubuwan da aka gwada ba su wuce goma ba.

Da yake kamfanin bai yarda ya sa sunansa ba, sai ya laƙaba wa kansa Student, wato ɗalibi. Da wannan laƙabi ake kiran gwajin nasa har yau.

Kaifin basirarsa ya ƙara fitowa fili bayan wani gwaji da aka yi a yankin Lanarkshire na Scotland a 1930, inda aka bai wa yara 10,000 madara tsawon wata huɗu, aka kwatanta girmansu da na wasu 10,000 da ba a ba su ba.

Gosset ya gano cewa malaman makarantun, bisa dukkan alamu saboda tausayi, sun fi sa marasa galihu cikin masu shan madarar, don haka tun farko rukunan ba daidai suke ba. Ba laifin malaman ba ne sosai, tsarin ne ya ba su wannan dama.

A 1931 ya bayyana cewa wajen kwatanta ɗanyar madara da wadda aka ɗumama don kashe ƙwayoyin cuta, tagwaye masu kama ɗaya guda 50 da 'yan uwan tagwaicinsu za su fi ba da ingantaccen sakamako, kuma da kuɗi kaɗan.

An mayar da shi London a 1935 domin jagorantar sabuwar masana'antar kamfanin. Ya mutu a watan Oktoban 1937 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 61.