Robert Wood: Mutumin da ya ɗauki hoton hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1910 ne wata mujalla a Amurka ta buga wasu hotuna da suka bai wa jama'a mamaki. Da rana tsaka aka ɗauke su, amma sararin samaniya ya fito baƙi ƙirin, ganyayen itatuwa kuwa fari fat kamar auduga.

Wanda ya ɗauke su shi ne Robert Williams Wood, masanin kimiyyar haske da aka haifa a garin Concord na jihar Massachusetts a 1868. Ya yi karatu a Harvard da Balin, sannan ya zama shehun malami a Jami'ar Johns Hopkins a 1901.

Dabararsa ita ce ɗora wa kyamara gilashi mai duhu, wanda ke tare hasken da ido ke gani, ya bar infirared ya wuce, wato hasken da ke gaba da launin ja. Ɗanyen ganye yana mayar da wannan haske da yawa, shi ya sa yake fitowa fari, yayin da sararin sama ba ya warwatsa shi sosai. Har yanzu sunan Wood ake kiran wannan farin ganye da shi.

Sai a shekarun 1930 fim ɗin infirared ya shiga kasuwa. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi amfani da shi wajen gano kayan yaƙin da aka ɓoye, domin koren fenti yana iya yaudarar ido, amma ba ya mayar da hasken kamar ganye. Da wannan siffa ta ganye ce kuma taurarin ɗan Adam ke auna lafiyar amfanin gona da makiyaya a yankin Sahel.

Wood bai yarda da abin da ido kaɗai ya shaida ba. A 1904 ya ziyarci masanin Faransa René Blondlot a birnin Nancy, wanda ya yi iƙirarin gano wani sabon haske. Ana cikin gwaji a ɗaki mai duhu, sai Wood ya zare wani muhimmin ɓangare na alminiyum daga na'urar a asirce, amma mai masaukin nasa ya ci gaba da ganin hasken. Daga nan iƙirarin ya rushe.

Ya rasu a ranar 11 ga watan Agustan 1955 a jihar New York, yana da shekaru 87. Likitocin fata na amfani da fitilar da ke ɗauke da sunansa wajen gano wasu nau'o'in makero.